Ranar da Anti Larai ta kira sunan ɗanta

A gidanmu na Ketaren Gwari, da an yi sallar magariba Iya, kakarmu, za ta jawo kujerarta kusa da murhu, mu kewaye ta muna gasa masara. Ni matsoraciya ce ta bugawa a jarida, amma kullum ni ce a gaba.

Wata shekara Anti Larai, matar ƙanin babanmu, ta yi haihuwar fari. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Ba ta kiran sunan ɗan nata, Habibu, ba ta ɗaukarsa a gaban Iya, sai dai "yaron nan". Shi kuwa ya fara rarrafe, ba inda ba ya kutsawa.

Wata yamma Iya ta ce mu matso, tana da wata tatsuniya mai ɗaci. Wai wata mata ce ta je rafi wanki da ɗanta na fari, surukarta na gefe. Dodon ruwa ya leƙo yana yi wa yaron wasa, yaro ya nufe shi. Uwar tana gani. Da ta kira sunansa da ya juyo, amma kunya ta ɗaure mata baki.

"Sai ta ce, wani ya duba yaron nan," in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa. "To rafin nan yara goma ne. Wa ya san wanda take nufi?"

Duk mun zuba wa Iya ido, babu wanda ya lura Habibu ya zagaya bayanmu, yana miƙa hannu ga tukunyar ruwan zafi da ke kan wuta.

"Habibu!"

Muryar Anti Larai ce, daga ƙofar ɗakinta. Yaro ya firgita ya juyo, ta zo ta fizge shi ta ƙanƙame, tana kuka. Tsoron da na ji ranar ya fi na dodon.

Da ta dawo hayyacinta sai ta sunkuyar da kai. "Iya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Zauna nan da shi."

Iya ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, mu ma ba mu tambaya ba. Sai da na haihu na gane ba don mu yara ta fara ta ba. Yanzu maƙwabta na yi mini tsiya wai ba ni da kunya, har bakin titi ana jin ina kiran 'yata ta fari. Ina jinsu, kuma ban fasa ba.