Shekarar da Aka Hana Ni Gishiri

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, shekarar da gidanmu ya daina cin gishiri saboda ni ba za ta fita raina ba.

Tun ina ƙarama a Yargoje aka san ni da kwaɗayin gishiri. In aka aike ni sayo shi, rabi ke isowa gida. Yayyena har cewa suke da awaki ya kamata a haɗa ni kwana. Da na fara girma sai ƙafafuna suka riƙa mutuwa, musamman lokacin zafi. Ina cikin daka sai taɓarya ta suɓuce, yatsuna su ƙage. An yi rubutu, an yi hayaƙi, abin sai gaba yake.

Baba ya ɗauke ni a babur zuwa asibitin Ƙanƙara. Suka ɗibi jini, suka ce wani sinadari mai suna fotashiyam ya yi ƙasa a jikina, kuma suna zargin ƙoda, sai a kai ni Katsina. Lokacin ana tsakiyar girbi, na kuma ɗan ji sauƙi, sai aka ce a bari a gama.

Kalmar ƙoda kuwa ta riga ta isa garin Sabuwa, wurin Goggo, yayar Baba, wadda ciwon ƙoda ya kashe mata miji. Washegari sai ga ta da ƙullin kayanta. Mace ce da ba a yi mata musu. Ta ce ita ta yi jinya, ta san dokar: ba gishiri, ba dunƙulen miya, ba ayaba. Don kada raina ya biya, ta sa gidan duka aka koma cin miya lami. Har yau in na tuna Baba yana tura tuwo da ƙyar yana cewa ai da daɗi, sai dariya ta kama ni, ƙwalla ta biyo baya.

Ni kuwa sai narkewa nake. Wata safiya na kasa ɗaga ko hannu, zuciyata na bugawa tana tsallake. Na ji tsoro ƙwarai, don na ɗauka tafiya ce ta zo. Aka shimfiɗe ni a bayan mota sai Katsina, kaina a cinyar Goggo.

Bayan ƙarin ruwa da gwaje-gwaje, wata likita ta zaunar da Baba da Goggo. Ta ce ciwona ba irin na mijin Goggo ba ne. Tashi ƙodar ta kasa fitarwa, tawa kuwa zubarwa take, gishiri da fotashiyam duk suna bin fitsari. Gado ne daga uwa da uba, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ba ya warkewa, amma ana rayuwa da shi. Ta ce in sha ƙwayoyina kullum, in ci gishiri sosai, da ayaba da dabino, in riƙa zuwa awon jini.

Goggo ta ce, "Likita, ashe da hannuna na so in kashe ɗiyar ƙanena?"

"Hajiya, kin ba da maganin da kika sani ne. Yanzu kin san wani."

Goggo ba ta tsaya a kuka ba. Da ta ji gado ne, sai ta bi dangi gida-gida, daga Faskari har Daudawa, tana tambayar wane yaro ke lasar gishiri. A Daudawa ta samu jikanta na cikinta, wanda aka daɗe ana cewa ragwanci ke hana shi noma. Aka auna, ciwonmu ɗaya. Yau yana da iyali, ni ma 'ya'yana uku, da ƙafafuna nake zuwa kasuwa.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar, na kuma gode wa Goggo, Allah Ya jiƙanta. A wurinta na koyi cewa ko sunan ciwo ɗaya ne, a tambayi masani kafin a kafa wa mara lafiya doka. In kuma aka nuna maka ka yi kuskure, ka tashi ka nemo wanda gyaran zai cece shi.