Waken Inna da Baƙuwa Mai Sanyin Hannu

Kakata Hajara ba ta yin tatsuniya sai ta sauke kaskon ƙosai. Duk yaran layinmu a Jushi sun san wannan doka. Da la'asar take hura wuta a ƙofar gida, masu dawowa daga kasuwar Sabon Gari su kewaye ta, Ibo da Yarbawa da namu, ana magana rabi Hausa rabi Turancin buroka. Bayan magariba, idan ƙullu ya ƙare, sai ta janye itacen, garwashi ya kwanta, mu kuma mu matso. Ni ce mai zama a jikin ƙafarta, don sunanta aka sa mini, Takwara take kirana. Na sha yaƙushin yara a kan wurin nan, kuma har yau ban yi nadama ba.

Ƙosan sayarwa da waken kasuwa take yin sa. Amma tana da wani wake da ba ya fitowa ƙofar gida, wanda take kira waken Inna. Fari ne, manya-manya, da an jiƙa shi fatar ta saɓule, alalarsa kuwa ko ba mai sai ka lashe ganyen. Daga hannun mahaifiyarta, Inna, ta karɓi irin, ta taho da shi daga ƙauye, tana shuka shi a 'yar gonarta a Zabi. A farkon shekarun dubu biyu ciwo ya shiga gonar. Ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya nannaɗe, fure ya zube. Girbi ya yi ta raguwa har abin da ya saura bai cika kwano ba. Ta zuba shi a gora, ta haɗa da toka, ta tura ƙarƙashin gado.

Goggo Ladi, autar Kaka, tana aiki a gonar gwajin iri a Samaru. Wata ranar Asabar ta zo ta durƙusa a gabanta.

"Iya, darɓa ce, 'yan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, ke yawo da ciwon nan daga ganye zuwa ganye, kuma ya riga ya shiga cikin irin. Feshi ba ya kashe shi. Ki ba ni waken. Muna da wani wanda ciwon ba ya kamawa, sai dai ƙanana ne, ba daɗi. In haɗa furensu, jikokin da suka fito in shafa musu ciwon, in ga waɗanda za su tsaya."

"Ki shafa musu me?"

"Ciwon, Iya. Da hannuna."

"Karatun naki ke nan, Ladi? Ina ɓoye abu, ke kina neman ki kai shi bakin mutuwa? Tashi ki ba ni wuri."

Damina ta zo, Kaka ta ɗebi rabin gorar ta shuka. Ko kwanso ɗaya na kirki ba ta tsinka ba.

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda muke tsoro, muke kuma naci a kanta. Takan fara da cewa, "Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" Mu ce, "Ta iso, mun yi mata shimfiɗa." Wai a wani gari akwai wata baƙuwa, tsohuwa mai sanyin hannu, da ke zuwa idan ruwa ya sauka. Ba ta zagi, ba ta duka. Fuskar yaro kawai take shafawa, sai ya yi yaushi. Akwai wata uwa mai 'ya'ya da yawa. Da ta ji baƙuwa ta shigo gari, sai ta zuba su a rumbu, ta liƙe bakin da laka, ta zauna a gindi da taɓarya. Baƙuwa ta zo ta gaishe ta, ta wuce. Ashe ta ramin tururuwa ta shiga. Da uwa ta fasa lakar, ta tarar an shafe su duka, ta yi ta kuka har hawayenta ya zama rafin garin. Nan Kaka kan tsaya ta ce, "Ta ƙare, wanda bai ji ba ya tambayi toka."

Bayan asarar daminar nan, wani maraice Goggo Ladi tana gidan, ta zauna can gefe tana tsince shinkafa, don ita da Kaka gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Muka roƙi tatsuniyar baƙuwa. Kaka ta bi ta yadda muka saba har zuwa inda uwa ta ɗebo laka. Sai ta ɗauki tsinke ta tona garwashi.

"Sai uwar ta ajiye lakar," in ji ta. "Ta fito da 'ya'yan, ta yi musu wanka, ta jera su a tabarma a tsakar gida. Ta buɗe ƙofa ta ce, 'Baƙuwa, shigo. In za ki shafa, shafa a gabana.'"

Na yi wuf na miƙe. "Kaka, ba haka aka yi ba."

"Zauna, Takwara, da bakinki kamar na tsuntsun safe. Ke kina wurin?"

Ta ci gaba. Baƙuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da yawa suka yi yaushi. Amma wasu, da hannun ya sauka a fuskarsu, sai suka yi atishawa kawai suka tashi suna wasa. Su ne suka girma suka cika garin, baƙuwa kuwa idan ta zo sai ta rasa wanda za ta shafa.

"To waɗanda suka yi yaushin fa?" na tambaya, raina a ɓace.

"Uwarsu ta san sunayensu," in ji Kaka. Sannan, ba tare da ta juya ba, ta ce, "Ladi, gorar tana ƙarƙashin gado."

Aikin ya ɗauki lokaci. Goggo ta ba mu labarin yadda take buɗe furen waken Inna da 'yar matsefatar cire ƙaya tun bai buɗe da kansa ba, ta cire abin da ke ciki, washegari da sassafe ta sa masa garin furen ɗaya waken. Abin da aka samu ta shuka, ta sake shuka 'ya'yansa. Sai wata rana ta zo ta ce Iya ta shirya ta je ta gani. Na manne wa Kaka har cikin motar Samaru.

Ban taɓa shiga wuri irin wannan ba. Ɗaki ne na raga, ko sauro ba ya shiga, haske ta ko'ina, tukwane a jere har ƙarshen bango. Goggo ta nuna mana ɗan turmin da take daka ganye mai ciwo, da yadda ta shafa ruwansa da yatsa a ganyen farko na kowane tsiro. Yawancinsu sun nannaɗe, sun yi dabbare-dabbaren da muka sani a Zabi. Amma nan da can, a tsakiyarsu, ga wasu a tsaye, ganye shimfiɗe, kore shar. Hannu ɗaya ya shafe su, rana ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Na ji tsoron Allah ya kama ni, ni da ko a makarantar allo ba na natsuwa.

Na ɗauka Kaka wurin masu lafiya za ta nufa. Ko kallonsu ba ta yi ba tukuna. Ta tambayi abin da za a yi da sauran, Goggo ta ce cirewa za a yi a ƙona.

"Bar ni in cire da kaina," in ji Kaka.

Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta bi layi a hankali. Duk wanda ta tuge sai ta kakkaɓe masa ƙasa, ta kwantar da shi a kwando, bakinta yana motsi. Na matsa kusa na ji. "Sale. Hanne. Ɗan Asabe. Uwani. Talatu." In ta kai ƙarshe sai ta koma farko. Sai da ta gama ta wanke hannu, ta tsaya a gaban wani kore, ta daɗe tana dubansa, ta ce, "Ikon Allah. Sannu, kai."

Waɗanda suka tsaya, Goggo ta sake haɗa su da waken Inna, ta sake shafa wa 'ya'yansu ciwo, haka dai shekara bayan shekara, har girman da ɗanɗanon suka dawo. Ina sakandare aka mayar da irin Zabi. Darɓa ta zo kamar kullum, gonar maƙwabta ta yi rawaya, tamu ta rufe ƙasa. Kaka ta ci alalarsa, ta ce gishiri ya yi yawa, ta kuma nemi ƙari.

Sai bayan rasuwarta na tambayi Goggo sunayen nan. Ta dube ni ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ƙannenta ne. Cutar agana ta shiga ƙauyensu tana yarinya, Inna ta kulle su a ɗaki don ta tsare su. Iya kaɗai ta fito da rai."

Na daɗe ina juya wannan magana. Shekara da shekaru muna cin ƙosai muna jin labarin gidansu, muna kiransa tatsuniya, muna cewa a ƙara. Kuma abin da ya rage mata daga wancan gida, ɗan kwanon wake, shi ta ɗauka ta miƙa a shafa masa ciwo, tana sane da cewa zai iya tafiya duka. Ni ina ganin ba wai ta daina jin tsoro ba ne, ta dai riga ta ga ƙarshen kulle ƙofa da idonta.

Yanzu ni ke yi wa 'ya'yana tatsuniyar, ta biyun nake yi musu. Idan na zo wurin waɗanda suka yi yaushi, ba na jira a tambaye ni. Ina faɗin sunayen, dukansu, sannan in wuce.