Wasiƙar Mai Mazarƙwaila

Ni tela ne a Makarfi. A zamanin Turawa na yi elementare har aji huɗu, daga nan ban wuce ba, don ranar da aka zo zaɓen yaran da za a kai makarantar Midil a Zariya ina kwance da ƙyanda. Abin da ya rage mini na boko shi ne rubutu mai kyau. Duk mai son wasiƙa a unguwarmu zaurena yake zuwa, in ture keken ɗinki in rubuta masa.

Da ɗana ya kai aji huɗu sai tsohon mikin ya tashi. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na yabonsa a gaban mutane. Amma kullum bayan la'asar nakan naɗe ɗinki in zaunar da shi a zaure, mu yi lissafi da shifta a cikin tsohon littafina wanda gara ta ci wa gefe. Sau biyu ina zuwa wurin hedimasta in tambaya ko an canja lissafin da aka koya mana, yana cewa biyu da biyu tana nan a huɗunta.

Katangarmu ɗaya da wani manomin rake wanda ya girme ni, ina ce masa Yaya. Yana da injin matse rake da doki ke juyawa, yana dafa mazarƙwaila. Ɗansa ajinsu ɗaya da nawa, kuma ba da son uban aka sa shi makaranta ba, dagaci ne ya ba da sunansa. Yaron yakan zo ya zauna a bakin ƙofa yana shan rake, yana jiran mu gama su tafi yankar ciyawa. Wata rana na ba ɗana lissafin rabawa, yana ta rubutawa yana gogewa, sai na ji an faɗi amsa daga bakin ƙofa, da baki cike da rake. Na duba bayan littafi. Daidai ne.

Daga ranar na fara rage murya idan yana wurin. Kwana uku ina haka, sai tsoro ya kama ni, don na sha jin abin da malamai ke faɗa game da mai ɓoye ilimi. Na shimfiɗa masa tabarma na ce ya shigo. Abin da ɗana ke kwana biyu yana fama da shi, wannan sau ɗaya yake ji. Maiɗakina ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, sannu da ban ruwa a gonar maƙwabci."

Ranar jarrabawar shiga Midil an kawo yara daga Kudan da Gazara, har da na wajen Ikara. Mu iyaye muka zauna a gindin tsamiya a bayan makaranta. Yawancinsu addu'ar faɗuwa suke yi. Wani dattijo daga Kudan ya ce, "Ni na gama da nawa tun a gida. Na ce ko sunansa Bature ya tambaya, ya ce bai sani ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, ina jan carbi a cikin aljihu. Yaya ko leƙowa bai yi ba, yana fadama.

Sai jira. Na sayi farin yadin alawayyo mai isar riga da wando biyu na makaranta, na ɓoye a ƙarƙashin ɗinkin mutane, ina kuma jin tsoron kada sayen ya zama na riga malam masallaci. Duk ranar da masinja zai ɗauko jakar wasiƙu daga tashar jirgi ta Gimi, sai in jawo keke bakin ƙofa in ga wucewarsa. A cikin makonnin nan na yanke wa wani mahauci ƙafar wando ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na dami ɗana da tambayar me ya rubuta a tambaya ta kaza, har ya fara gudun zauren. Ta bayan katanga kuwa ina jin ɗan Yaya yana kora doki yana waƙa.

Hedimasta da kansa ya zo mini da labari. An ɗauki yara uku daga makarantarmu, ɗan Yaya yana ciki. Nawa shi ne na huɗu. Ya ce, "In ɗaya bai je ba, naka za a kira." Na ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Bakina ne ya faɗa. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Washegari da hantsi sai ga Yaya da mazarƙwaila biyu a hannu. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, na tambayi fadama da doki. Sannan ya ce, "Malam, wasiƙa za ka rubuta mini zuwa ga masu makarantar nan. Ka ce na gode, amma a bar mini yarona. Shi ke kora mini doki, ga rake ya nuna."

Na ɗauko takarda da tawada. Babu ƙarya a maganarsa, kuma ba ni na sa shi ba. Na rubuta gaisuwa, rubutun ya fita da kyau fiye da kullum, wannan kyan ne ma ya tsorata ni. Na tsoma alƙalami, na kasa ci gaba. Mutumin nan bai san wanda zai hau gurbin ba, ni na sani.

Na ce, "Yaya, akwai magana. In naka bai je ba, yaron gidan nan za a kira. Gara ka sani kafin in rubuta, ko ka kai wa wani ya rubuta."

Ya ce, "To ai ta kwana gidan sauƙi. Sai mu rubuta biyu, a bar mana su duka."

Na ce, "Ni so nake ya je."

"Kai so kake a ɗauke maka ɗa?"

"So nake."

Sai idon Yaya ya sauka a kan tarin ɗinki, inda gefen alawayyon ya leƙo. Ya miƙa hannu ya jawo, ya murza shi da yatsa.

"Har yadi ka saya?"

Na sunkuyar da kai.

Ya yi dariya ya ce, "Kai da kake juya albasa sau uku kafin ka taya! Tun muna samari ban taɓa ganin ka yi rawar jiki a kan abin banza ba. In har kai ka ƙi cin tuwo a kan wannan makaranta, to akwai abin da ke cikinta." Ashe matan sun riga sun yi zancen tuwon ta kan katanga. Ya ɗauki takardar ya ninke ya sa a aljihu. "Bar wasiƙar. Doki kuwa ƙanensa ya koya. Tunda ga yadi a kusa, ka auna mini shi, ranar kasuwa in kawo maka irinsa."

Na auna yaron da yamma. Bai kai ɗana tsayi ba, sai yadin ya yi saura. Sau biyu ina farke wuyan rigar, don ina tsoron kada hassada ta karkatar mini da hannu ban sani ba. Ban taɓa ɗinkin da ya kai wannan kyau ba. Da sauran ƙyallen na yi wa ɗana 'yar shara, ya sa ta ranar da muka raka yaran Gimi, shi ya ɗauki akwatin abokinsa a ka.

Da muka dawo maiɗakina ta ce, "Da ka yi shiru, da yanzu namu ne a jirgin." Har yau ban san ko don Allah na faɗi gaskiyar ba, ko don na san ba zan sake samun natsuwa ba in ban faɗa ba.

Shekara ta zagayo aka ce ɗana ya yi wa jarrabawar girma. Na koya masa ɗinki, ya kuma iya. Duk hutu ɗan Yaya yakan zo ya durƙusa a zaure ya gaishe ni, yana ce mini Baba, yana cewa ni na koya masa lissafi. Nakan sa masa albarka, idona a kan wuyan rigarsa, ɗana kuma yana gefe yana taka keke.