Gawon Inna da Fanon Mushe Isufu

Ina bisa tsani a gidan mahaifiyata, da tsumma a hannu, ina goge kashin tantabaru daga fuskar fano, farantin nan mai shan rana ya ba da wuta, sai salula ta yi ƙara a aljihuna. Mai shekaruna da tumbina ba ya wasa da hannu guda a saman tsani, amma da na ga sunan Mariyama, babbar ɗiyar Mushe Isufu (Mushe muke kiran malamin boko a nan), sai na ɗauka. Daga asibiti take kira, a Maraɗi. Ta ce, "Baffa, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inna tana zaune a gindin gawo tana tsinkar zogale. Ba ta ji abin da aka faɗa mini ba, amma ta ga yadda na sauko. Ta ajiye faifai, ta ce, "Isufu ne?" Na ce shi ne. Ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, bayan rasuwar mahaifiyarsa, a cikin wannan gida.

Mai karatu ya yi mini uzuri in ya ji zolaya a cikin wannan rubutu. Isufu taubashina ne, ɗan yayan Inna. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni kuma ina musun haka, kuma ba mu taɓa gama shari'ar ba. In na rubuta yabo zalla a kansa, ƴan uwa za su ce wani ne ya rubuta mini.

Mun yi aiki a makaranta guda shekaru masu yawa, shi yana koyar da kimiyya, ni ina koyar da Faransanci. Ya kan ce ya yi mini murna da irin darasina, don mutum na iya yin kuskure a cikinsa har ya tsufa ba tare da fitilar kowa ta mutu ba. Mutum ne mai son gaskiya, mai kuma son a san shi ne ya faɗe ta. Bai iya ƙanƙan da kai ba, kuma bai taɓa yin kamar ya iya ba. Amma ban taɓa ganin ɗalibi ya tambaye shi abu ya tafi da kunya ba.

Da ya ajiye alli, mun ɗauka zai zauna a ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa magana. Sai ya koma sanya fano. A lokacin ne dillalan dabbobi da masu shaguna na Dakoro suka fara sayen kamera mai aiki da hasken rana, su kafa a ƙofar gida ko a garke, mutum yana kasuwa yana ganin gidansa a salula. Da yawa sun saya, sun kafa da kansu, kamera ta yi kwanaki tana aiki ta mutu, su ce an sayar musu da jabu. Irin waɗannan ne suka riƙa zuwa wurin Isufu.

Hanyar aikinsa ta sa aka yi masa suna Mai Gadin Rana. Ranar farko ba ya zuwa da guduma ko ƙusa. Sai ya nemi tabarma da shayi, ya zauna a tsakar gidan mutane tun hantsi har la'asar, yana duban inda inuwar bango take faɗuwa, da ta rumbu, da ta icce, yana ja mata layi a ƙasa da tsinke. Wasu sun ce abincin rana yake jira. Ni na baza wannan magana, kuma har yau ban janye ta gaba ɗaya ba. Amma abin da yake nema shi ne wurin da rana za ta bugi fano kai tsaye a tsakiyar yini, ba tare da ko reshe guda ya gitta ba. Ya kan ce inuwar reshe guda bisa fano kamar a taka tiyon ruwa ne, ba a tsinke shi ba, amma abin da ke fitowa ba ya cika tulu.

Da abu biyu ya yi ta fama da mutanenmu. Na farko gabas. Wani Alhaji dillalin raƙuma ya dage sai fanonsa ya dubi alƙibla, don a ganinsa abin da ya dubi gabas ba ya rasa albarka. Isufu ya ce masa, "Alhaji, fano ba salla yake yi ba. In ya dubi gabas, karin kumallo kaɗai zai samu, ya yini da yunwa." Ya nuna masa cewa a ƙasarmu rana tana karkata kudu mafi yawan shekara, don haka kudu ake juya fano, a ɗan jingina shi yadda ruwa da datti za su zame, a kuma ɗaga shi daga kwanon rufi don iska ta ratsa ƙarƙashinsa. Alhaji ya yarda da ƙyar, bayan an tabbatar masa babu zunubi a ciki.

Na biyu inuwa. A Sabon Maci ya tarar da wata dattijuwa tana rufe fanon ɗanta da zana kullum da azahar, don ta taɓa shi ta ji ya yi zafi, ta tausaya masa. Da ya ba ni labarin na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce mu mutane ne da ke nuna ƙauna da inuwa. Baƙo, inuwa, rago, inuwa, randa da babur, inuwa. Matar ba ta yi wauta ba, tarbiyyarta ta bi. "Fano ne kaɗai baƙon da ake girmamawa da shanya shi a rana," in ji shi. Ya zauna ya yi mata bayani har ta naɗe zanarta.

Wannan gwani kuwa, a gidan da ya girma ya yi kuskurensa mafi girma, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Inna tana kiwon raguna a bayan ɗakinta. Da guda ya ɓace, ƙanena Sani, wanda ke aiki a Yamai, ya aiko da kamera mai ɗan fano a kanta, ya ce Isufu ya kafa. Tsakiyar damina ce. Ran nan Isufu bai nemi tabarma ba. Ya ce gidan Gwaggo ne, babu inuwar da bai yi barci a cikinta ba. Ya kafa ƙarfe kusa da turakun, arewa da gawo, ya ɗaga kai ya ga rassa tsirara, rana na zubowa ta tsakaninsu, ya ɗaure abinsa ya tafi.

Kowa a ƙasar nan ya san halin gawo. Lokacin da sauran itatuwa ke yin ganye, shi zubar da nasa yake yi. In ruwa ya ɗauke, sai ya yi kore shar. Isufu ya koya wa yaran Dakoro wannan a aji, ya kuma rage wa waɗanda suka manta maki. Da ɗari ya shigo, gawo ya cika da ganye, rana ta sauka kudu ta ɓuya a bayansa, fano ya koma zaman inuwa. Batir ya daina cika. Kamera ta riƙa yin barci kafin Inna ta yi.

Sani ya gaji da buɗe salula yana ganin duhu. Ya yanke hukunci daga Yamai: a nemi izinin ma'aikatan gandun daji, a sare gawo. Har ya yi magana da mai gatari. Inna ba ta ce a'a ba, don ba ta jayayya da ɗan da ke ɗawainiyar gida. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke tabarmarta daga gindin iccen ta mayar ƙofar ɗaki. Gawon nan mahaifinmu ne ya tarar da shi ɗan tsiro lokacin da wurin yake gona, ya kewaye shi da ƙaya don awaki, kafin gari ya zo ya haɗiye gonar. A gindinsa ta yi takabarsa. Ragunan da ake son tsarewa ma ƴaƴan gawon suke ci.

Na tafi wurin Isufu da labarin, kuma ba zan ɓoye ba, da ɗan farin ciki na tafi. Na tarar ciwo ya fara kama shi, ƙafafunsa sun kumbura. Na tambaye shi ko yana tuna wane icce ne ke yin ganye da rani. Ya dube ni ya ce, "Bawana, ɗauko tabarma."

Ya yi yinin da ya kamata ya yi tun farko. Ya bi inuwar gawo da tsinke har la'asar, ya ga ba ta kai bisa zaure, wanda ke kudu da iccen. Sannan ya sa na kira Sani, muna ji gaba ɗaya. Sani ya fara bayanin cewa icce ne matsalar. Isufu ya katse shi.

"Sani, icce bai tashi daga inda yake ba. Ni na zo na same shi, na ƙi zama. In ka sare shi, kamerarka za ta nuna maka raguna ramammu tsaye a rana, tar da su, da Gwaggo a ƙofar ɗaki."

Ya ce babu dokar da ta ce kamera da fano su zauna wuri guda. Kamera ido ce, ido kuwa ya fi gani daga inuwa. Fano ne mai buƙatar rana. A raba su, a haɗa da doguwar waya. Sani ya ce ya yarda, amma in ta sake mutuwa kafin ɗari ya fita, mai gatari na nan.

Isufu ba ya iya hawa tsani, don haka ni na hau zauren da fano. Yana zaune bisa tabarma yana ba da umarni: juya shi kudu, ba kudun malaman Faransanci ba, ɗaga bayansa kaɗan, ɗaure wayar sama kada rago ya tauna. Ya sa na ɗan karkata kamerar don hasken safiya kada ya shiga idonta. Ranar ce kaɗai a rayuwata na yi masa bauta ta gaskiya, kuma ya tabbatar maƙwabta sun gani. Da na sauko ya miƙa mini tsumma, ya ce gogewa kuma aikina ne daga yau, da safe kafin gilashin ya yi zafi.

Kamera ba ta sake mutuwa ba. Wata safiya dai muka ga tabarmar Inna ta koma gindin gawo, da rana kuma ta aika wa Isufu dambun zogale a kwanon da ba ta bari kowa ya taɓa. Shi ne aikinsa na ƙarshe.

Bayan an kai shi makwancinsa, mata suka riƙa zuwa yi wa Inna ta'aziyya, don kowa ya san ita ce uwarsa. Zafi ya fara, ɗaki ba ya zaunuwa, aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo. Sani yana hanya daga Yamai ya kira ni. Ya ce ya buɗe salula, yana ganin raguna, yana ganin gefen tabarmi da takalman mata jere. Ya ce, "Yaya, inuwar ta ɗauke su duka."

Ya Allah, ga bawanka Isufu ya zo gare ka, naka ne shi, ni da shi duka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓi aikinsa, ka sanya ilimin da ya bar wa yaran garin nan ya zama haske a kabarinsa. Ka ba matarsa haƙuri, ka shirya Mariyama da ƙannenta, ka sanyaya zuciyar Inna da ta binne ɗan da ta raina. Ya ƙare kwanakinsa yana bin inuwa da tsinke, kuma ya hana a sare inuwar tsohuwa. Ka sanya shi a inuwar Al'arshinka ranar da babu wata sai ita. Amin.