A-kori-kurar Najat

Najat 'yar Hadi direba ce. A unguwar bayan tasha ta garin Kairawan aka haife ta, kuma can take har yau. Sana'arta makarud, soyayyiyar alkamar nan mai dabino a ciki da ake tsomawa a zuma. Wurin mahaifiyarta ta koya, kuma tun da uwar ta rasu gidan ya koma daga ita sai mahaifinta. Da idanun tsohon suka fara dishewa, ya kai ta bayan gari ya koya mata tuƙi da farar a-kori-kurarsa, wadda ya yi shekaru yana ɗaukar tumatir da barkono da ita, sannan ya sa aka mayar da takardun motar da sunanta. Da ita take kai makarud shagunan garin Susa duk Talata da Asabar.

Tana da shekara talatin da shida aka yi mata baiko da Zuhair, mai aikin shimfiɗa tayil. Mutum ne mai daɗin baki, ya iya gaida manya. Wata rana ya samu aiki a wani ƙauye, ya ce ta ara masa motar na mako biyu. Ta miƙa masa makulli ba ta yi shawara da kowa ba. Ai gida ɗaya za su zama. Mako biyu ya zama wata biyu, zuwansa ya fara ja baya, ranar da aka sa aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Ƙarshe dai kawunsa ya zo ya sha shayi, ya ce Allah bai yi ba. Aka mayar musu da zobe da sauran kayansu. Mota kuwa shiru.

Da mahaifinta ya tambaya, Najat ta ce tana gareji. Ta koma ɗaukar kayanta a motar haya, tana rungume da kwali a cinya, zuma na ɗiga mata a riga, fasinjoji na tsaki. Sau uku ta kira Zuhair bai ɗauka ba. Na huɗu ta taka har inda yake aiki, ta same shi durƙushe yana jera tayil.

"Zuhair, motar nake so."

Bai ɗago ba. "Wace mota?"

"Ta Baba. Ka san ba kyauta na ba ka ba."

"Wa ya sa mata tayoyi? Wa ya gyara mata birki? Da na karɓe ta ai gwangwani ce." Ya miƙe yana goge hannu a wando, ya sassauta murya. "In kin ga dama ki kai ƙara. Sai garin nan ya ji cewa Najat mota ta bayar don a aure ta, kuma duk da haka ba a aura ba."

Daga nan ta je ofishin 'yan sanda, ta zauna a benci da takardunta a jaka. Da layi ya zo kanta sai ta ga wanda ke kan tebur mijin maƙwabciyarsu ne. Ya ce, "A'a, 'yar Hadi, lafiya?" Ta ji bakinta na cewa katin shaidarta ne ya ɓata. Ya ba ta takarda ta cike, ta cike, ta fito katin yana cikin jakarta.

Wata bakwai ana haka. Ran nan suna cin kuskus da rana, wata mota ta wuce a bakin layi. Tsohon ya ajiye cokali.

"Najat, wannan garejin naki yawo yake yi?"

"Na'am, Baba?"

"Ido ne ya mutu, kunne yana nan. Shekara ashirin ina jin kukan injin nan. Kusan kullum yana wucewa ta nan, ke kuma kina fita da kwali a ka."

Ta sunkuyar da kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya lalubi sandarsa ya shiga ɗaki, ya fito da makulli ɗaure da jan zare, ya ajiye a gabanta. "Na ajiya ne. Abinki ne, ba sata za ki yi ba."

Ranar Litinin da hantsi ta ga motar a gaban wani gidan gahawa kusa da kasuwa, bayanta lulluɓe da tamfol. Zuhair na ciki ya ba titi baya. Ta ciro makullin, ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta ɗauka, ta buɗe, ta shiga. Kujerar ya ja ta baya, ƙafarta da ƙyar ta kai, ga ƙamshin wani turare da ba nata ba. Motar ta mutu mata sau ɗaya, ta sake tayarwa, ta figa ba ta waiwaya ba.

Sai a ƙofar gida ta ɗaga tamfol. Sabuwar katifa ce cikin leda, da barguna, da madubi mai ado, da akwatin kofunan shayi. Kayan ɗakin amarya, ashe Zuhair wata zai aura. Ta tsaya tana kallonsu, yara na wucewa suna leƙe. Yanzu kam in ya ce ta yi sata, gaskiya ya faɗa, kuma za a ce kishi ne ya sa ta.

Ba ta shiga gida ba. Ta koma cikin motar ta nufi gidan mahaifiyarsa, Mabruka, matar da ta sha yi wa wanke-wanke lokacin baiko. Ta yi sallama a ƙofa.

"Inna, kayanku na kawo. Motar kawai na ɗauka."

Tsohuwar ta dubi kayan, ta dubi Najat. "Wace irin ɗauka, 'yata? Ba ke kika bar masa ba? Shi ya ce min kin ce ya riƙe, ladan wahalar da ya yi."

"Ban ce ba, Inna."

Mabruka ta ja mayafinta ta rufe baki. Maƙwabta sun riga sun fito ƙofa. Su biyun suka kama katifar, ɗaya a kowane gefe, suka shigar da ita, ba mai iya kallon 'yar'uwarta. Suna kan barguna Zuhair ya sauko daga tasi yana ihu tun daga nesa, "Ɓarauniya! Jama'a ku shaida!"

"Rufe min baki," in ji uwarsa, ba ta ko ɗaga murya ba. "Kawo ɗaya makullin."

"Inna, ba ki san..."

"Na ce kawo. Motar makaho ka riƙe wata bakwai, kana ɗauko min kifi a cikinta ina ci ina sa maka albarka."

Ya ciro ya jefar a ƙasa. Tsohuwar ce ta duƙa da ciwon gwiwarta ta ɗauka, ta goge a zanenta, ta sa wa Najat a tafin hannu. "Ki gaida Hadi. Ki ce... a'a, bari, kada ki ce masa komai."

Labarin ya zaga gari kafin la'asar, kuma yadda Zuhair ya faɗa haka wasu suka ɗauka. Najat ta yi kwana goma ko shagon burodi ba ta iya zuwa. Ranar Asabar ta biyu ta loda kayanta ta tafi Susa, don masu shaguna sun fara kira.

Hadi ya rasu bayan shekara biyu. Mabruka ta zo gaisuwa, ta zauna can ƙarshen tabarma, ta tafi ba ta ci komai ba. Najat yanzu ta haura arba'in, tana da mata uku da ke taya ta suya, kuma ta ƙara shagunan Munastir a kan na Susa. Wani malamin makaranta da matarsa ta rasu ya aiko ana tambaya, ta ce a ba ta lokaci, har yanzu ba ta ba da amsa ba.