Kaɗanyar da Kaka Ta Shuka

A gidanmu na gona, kan hanyar Assakio in ka bar Lafia, ba a yin tatsuniya sai ranar da Kaka ta ɗora tukunyar kalwa. Kalwa tana daɗewa a wuta, don haka bayan tuwon yamma mukan zagaye murhu, ita tana tura itace, mu muna gasa doya. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuma ban daɗe da shiga firamare ba.

Ni yaro ne mai yawan fargaba, har yau ban warke ba. A wurinmu an ce duk wanda ya shuka kaɗanya da hannunsa ba zai ga 'ya'yanta ba, tsintarta ake yi a daji. To, Kaka ta shuka. A bayan gonarta, kusa da idon ruwa, ta haɗa ɗan kurmi: ɗorawa, kanya, tsamiya, maɗaci, a cunkushe ba layi, kaɗanyar a tsakiya. Tun da na ji maganar a bakin mata a rafi, kullum da safe sai na leƙa ɗakinta na ga tana numfashi kafin in tafi makaranta.

Wata yamma na kasa cin tuwo, na roƙe ta ta tuge kaɗanyar, na ce in ba haka ba mutuwa za ta yi.

"Ku ji mijin banza," ta ce. "Ban mutu ba ka fara takaba. Matso nan, ga wata tatsuniya ta iso."

Wai wata tsohuwa ce ta shuka kaɗanya, Mutuwa ta ji labari ta zo ɗaukarta. Tsohuwa ta ce, baƙuwa, kin sha hanya, zauna ki huta tukuna. Mutuwa ta duba, babu inuwa. Tsohuwa ta yi maza ta shuka mata ɗorawa da tsamiya, ta ƙara kanya, duk itatuwan da Mutuwa ta saba da ƙamshinsu. Wuri ya yi sanyi, ruwa ya ɓuɓɓugo, tsuntsaye suka taru. Mutuwa ta jingina, barci ya kwashe ta.

Na ce, "Kaka, in ta farka fa?"

"In dai kurmin na nan da duhunsa, ina za ta farka? Baƙon itace kaɗai ke tashinta, wanda ba ya tara komai a ƙarƙashinsa. Ci tuwonka, maigida, kada a ce ina barin ka da yunwa."

Na ci, na kuma yi barci. Daga nan na zama mai gadin kurmin, ko reshe ba na bari a karya.

Bayan 'yan damuna ma'aikatan gandun daji suka raba dashen malaina, wani baƙon itace, wai tana saurin girma. Kawuna, wanda gonar ke hannunsa, ya karɓo. Ya sare rabin kurmin ya jera ta layi-layi. Na riƙe masa ƙafa ina kuka, ya ɗaga ni ya ajiye gefe. Kaka dai ta tsaya tana kallon rana ta faɗa kan kaɗanyarta.

Da rani ta kwanta, ba ta tashi ba. Kaɗanyar ko fure ba ta fara ba. Daga baya idon ruwan ma ya ƙafe.

Na daɗe ina riƙe da kawuna a zuciya, wai shi ya tashi Mutuwa. Sai da na yi furfura na gane tsufa ne ya ɗauke ta. Mace ce da ta ƙare rayuwarta tana tsintar kaɗe. Ta fi kowa sanin shekarun da kaɗanya ke ci kafin ta haihu, ta kuma san nata da suka rage. Ba don bakinta ta shuka ba. Abin da ke sa ni hawaye shi ne, a wannan yammar ta san gaskiya na faɗa. Ba ta da yadda za ta sa Mutuwa barci, sai ta sa ni.