Yadda Na Zama Mai-da-Gulbi

Abin ya faru ne a ranin da ya biyo bayan daminar nan da gulbi ya cika har ya janye rumbun maƙwabcinmu da geronsa, muna tsaye bakin gaɓa muna kallo yana juyi bisa ruwa kamar faifai. Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, ba a kuma fara yaƙin basasa ba, sule da sisi ake kashewa, mutanen Nijar kuma su zo da kuɗinsu, dala, a karɓa. Ni lokacin haƙoran gabana sun faɗi sun sake tsirowa, na isa ɗaukar ƙaramin tulu, amma ba a fara bar mini taɓarya ba. Ran Lahadi ce, kasuwar Jibiya na ci, Gwaggo ƙanwar babana ta zo daga ƙauyensu na cikin Nijar da albasa da taba bisa jaki, ta taho da ɗanta Lawali. Lawali taubashina ne. Ni ɗiyar namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana nake ce masa, shi kuma duk abin da ya zo bakinsa ya faɗa mini, babu mai tsawata mana. Ya girme ni kaɗan, amma baki dai bai fi ni ba, har gobe.

Wanda ya san gulbin Jibiya da damina kawai bai san shi ba. Da rani ruwan ɗaukewa yake yi, ya bar rairayi fari fat, mai faɗi, ka tsaya wannan gaɓa ka ƙwala kira da kyar na waccan gaɓa ya ji. Nan muke wuni. Da safe mu sauka da tuluna, kowace ta durƙusa ta tona rami da ƙoƙo har ruwa ya tsattsafo, ta jira ya kwanta ya yi garau, sannan ta riƙa kwasa kaɗan-kaɗan. Manyan mata na gefe suna wanki suna shanya zannuwa bisa rairayi, Fulani na can ƙasa suna shayar da shanu. Kafin ruwan ramin ya taru mukan yi wasan da muka fi so, wato ginin ƙasa. Mu tara jiƙaƙƙen rairayi, mu kife fasasshen kasko mu ce ga Katsina, mu kafa tsinke mu ce Daddara, ƙwallon goruba shi ne Bugaje, ɓawon gyaɗa Riko. Jibiya kuwa kullum ni ke gina ta, kuma sai na yi ta ta fi Katsina tsawo. In an gama sai a ja yatsa a yi hanyar gulbi, a zuba ruwa da ƙoƙo, mu bi shi da gudu muna ihu.

Ran nan Lawali ya biyo mu. Ya tsaya ya gama kallon gininmu, sai ya tafi can arewa da Jibiyata ya tona rami da dunduniya, ya ce wannan tafkin Madarumfa ne. "Nan gulbinku ke zuwa shi kwanta," in ji shi. "Ku ta ƙofarku kawai yake wucewa. Gida gare mu yake." Raina ya ɓaci. Na ce, "Ƙarya kake, bawa. Yawo ya tafi, zai dawo ƙasarmu." Na sa yatsa na ja hanyar ta wuce raminsa, na lanƙwaso ta ta dawo kudu. Wata tsohuwa mai wanki ta ɗago kai ta ce, "Ke ɗiyar nan, tun da uwarki ta haife ki kin taɓa ganin ruwa ya juyo?" Aka fashe da dariya. Lawali ya faɗi ƙasa yana birgima yana cewa, "Ga Mai-da-gulbi! Ku zo ku ga Mai-da-gulbi!" Kafin kasuwa ta watse sunan ya riga ni isa gida.

Ba wani sani ne gare ni ba. Ni dai ban ga yadda za a yi ɗan mace ya tashi da gulbi sukutum a gabana ba. Amma tunda na faɗa, sai in gani da idona, in kuma nuna wa masu dariya. Na lallashi ƙawata Kande, ɗiyar mai rumbun nan da ruwa ya tafi da shi, na ce mata wataƙila ma mu tsinto rumbun babanta a hanya. Wata safiya muka kai ruwa gida, na ƙulle ɗumame da ƙuli-ƙuli a bakin zane, muka koma gulbi kamar za mu ƙaro, muka ɓoye tuluna cikin sabara, muka miƙi rairayi muka yi arewa.

Farkon tafiyar daɗi gare shi. Lambuna ne dama da hagu, albasa da taba da tattasai, masu jigo na ta ɗaga guga suna juyewa. Muka tsinci kurna, muka jefi goruba, muka ga sawun da Kande ta rantse na kura ne, ni kuwa na san na kare ne. Wancan zamanin tsofaffi Faransa suke ce wa Nijar, ƙasarmu kuma Ingila, kuma na ji ana ta faɗin iyaka, sai na zaci katanga ce ko igiya a miƙe. Muka yi ta dubawa ba mu ga kome ba. Na tambayi wani mai ban-ruwa ko mun shiga Faransa, ya yi dariya ya ce shi kansa albasarsa na ƙasa ɗaya, bukkarsa na ɗayar, kuma har yau albasar ba ta yi ƙorafi ba. Can gaba gulbin ya karkata yamma, na daka tsalle na ce wa Kande, "Kin gani? Ya fara juyowa!" Ba mu yi nisa ba ya sake miƙewa arewa abinsa. Rana ta take, rairayi ya zama wuta, ba mu da takalma. Muka riƙa gudu daga inuwar gawo zuwa inuwar gawo, Kande na kuka tana cewa ta yafe rumbun.

Wajen azahar muka hango mashaya da mutane. Muka ja ƙafa muka isa, leɓe ya bushe, ido ya faɗa. Wa zan gani tsaye yana shayar da jaki? Lawali. Ashe ƙauyensu muka iso. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lale, lale. Kowace shekara gulbi na kawo muna tarkace, amma bana tun da rani ya fara." Gwaggo ta ba mu fura muka sha har cikinmu ya ɗaure, ta shafa mana man shanu a tafin ƙafa, ta ɗora mu bisa jaki ta rako mu da kanta. Muka tarar an tashi unguwa ana nemanmu, an tsinci tuluna, innata har ta fara kuka. Babana ya ciro tsumagiya, Gwaggo ta shiga tsakani ta ce, "Yaya, kada ka taɓa ta. Taurin kan nan ba daga waje ta samo shi ba." Ya tsaya, ya dube ta, ya yar da tsumagiyar yana ƙunshe dariya.

To, suna dai ya zauna. Da shi aka yi mini aure, da shi na haifi 'ya'yana, da shi na yi sana'ar ƙosai a bakin tasha har direbobin Maraɗi suka san ni. Ko a Makka, cikin wannan taro, sai da wata 'yar garinmu ta ƙwala mini shi. Lawali kuwa duk shekara in ya zo karɓar shararsa ta taubasai ran cika-ciki, kafin ya gaishe ni sai ya leƙa randa ya ce, "Ruwan ya iso, ko yana hanya?" Nakan ce yana hanya. Ban taɓa janye maganata ba, ban kuma taɓa samun mai goya mini baya ba, ko mutum ɗaya.

Sai ga jikanyata Nafisa ta samu jami'a, aka ce labarin ƙasa za ta karanta. Ban ji daɗi ba, don likita na so ta zama, ƙafafuna sun daɗe suna jira. Da ta zo hutu na ce ta faɗa mini abin da ake koya musu. Ta ce wani sashen kan ƙasar kanta ne, duwatsu da gulabe da ruwan sama, da abin da ya raba jigawa da fadama. Wani sashen kan mutane ne, me ya sa gari ya zauna nan bai zauna can ba, me ya sa kasuwa ke ci a bakin iyaka. Akwai kuma wanda ake ɗaukar yanki guda a bi shi ciki da bai. Na ce to, ba laifi, amma dai ba ya maganin ciwon gwiwa.

Wata rana da hantsi ta shimfiɗa taswira bisa tabarma tana karatu, ina gefe ina tsince wake. Na leƙa, sai na ga ai ginin ƙasarmu ne na cikin rairayi, sai dai su sun yi shi a takarda, kuma sun yi Jibiya 'yar ƙarama. Na ce ta nuna mini gulbi. Ta kama yatsata ta ɗora bisa wani shuɗin zare ta ce, "Hajiya, bi shi." Na bi. Ya ƙetare iyaka, ya wuce ta gefen Madarumfa bai tsaya ba, ya kai Maraɗi, ya yi yamma, ya yi ta tafiya, sai na ji yatsata na gangarowa kudu. Na ɗauke hannu na ce, "Ke, nan ina ne?" Ta ce Nijeriya ce, ƙasar Sakkwato, nan yake shigowa ya haɗu da gulbin Rima. Na ce takarda kowa na iya zana ta, ke kin gani da idonki? Ta ce malamansu sun kai su wancan yankin, ta tsaya bakin gaɓarsa da ƙafarta. Ta ƙara da cewa ba a Jibiya ya faro ba, daga kudu yake fitowa. Na ce wannan ban tambaye ki ba. Waken nan ban gama tsince shi ba ran nan, guɗa na yi har maƙwabta suka shigo suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Ban aika wa Lawali ba, da kaina na tafi, na sa Nafisa gaba da taswirarta. Inda muka taka da ƙafa babu mai ce mana kanzil, yanzu shinge ne bayan shinge, a sauke ku, a duba takarda, na nan su duba, jandarman can su duba. Muka same shi ƙarƙashin bedi a ƙofar gida, ya tsufa, ido ya yi rauni. Da jin muryata ya ce, "Ruwan ya iso?"

Na ce, "Ya iso, bawa. Miƙo yatsarka."

Nafisa ta bi da yatsarsa kamar yadda ta bi da tawa, tana faɗa masa sunan kowane wuri. Da ta kai ƙarshe ya ce, "To Sakkwato Jibiya ce?"

Na ce, "Ƙasarmu na ce, ban ce ɗakin innata ba."

Ya juya wajen Nafisa ya ce, "Ke ɗiya, nawa tsohuwar ga ta ba ki?" Ta ce ko sisi, hasali ma likita aka so ta zama. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya share ido da bakin riga ya ce, "Kai! Mai-da-gulbi, ashe kin mai da shi." Na ce ya sake faɗa da ƙarfi, matan gidansa ba su ji ba. Ya sake.

Yanzu tun da aka yi dam gulbi ba ya hauka irin na da, yara sun fi sanin famfo da ruwan leda, ban kuma ƙara ganin masu ginin ƙasa cikin rairayi ba. Na so a ce tsohuwar nan mai wanki na raye, da Gwaggo, da babana. Cikin waɗanda suka ji na faɗi maganar ran nan saura mu uku: ni, da Lawali, da Kande da ke Daddara wajen ɗanta, ba ta ji sosai, sai da na faɗa mata cikin kunne, ta ce to rumbun fa? Sunan kuwa ban yarda a daina ba. Da dariya aka sa mini shi, yanzu da ladabi ake kirana da shi.